Yadda ake mayar da babur mai injekta ya koma kafireto da CDI

Baburan hannu da ke shigo mana daga Turai, Japan da Indiya a 'yan shekarun nan, da yawansu babu kafireto a jikinsu, sai injekta, wato na'urar da ke fesa wa inji mai da lantarki. Dokokin rage hayaƙi ne suka kore shi: Turai ta tsaurara nata a 2016 da 2017, Sin a 2019, Indiya kuma a watan Afrilun 2020. Wasu ma sun riga dokar, domin Yamaha YBR125 na kasuwar Turai tun 2007 ya koma injekta. Ita injekta ba abar ƙi ba ce. Ta fi kafireto tsimin mai, kuma babur na tashi da sanyin asuba ba sai an ja cok ba. Inda take wahalar da mu shi ne ranar da ƙwaƙwalwar babur ɗin, wadda makanikai ke ce wa birenbos, ta ƙone, ko famfon mai ya mutu, a zaga kasuwa a rasa irinsa. Sai ka ga babur mai lafiyayyen inji a jingine a zaure wata da watanni.

Wanda bai taɓa aikin nan ba yana ɗauka ɗaura kafireto ne babban abin. Wannan ko yaron shago zai iya. Wutar ce aikin. Birenbos ba mai kaɗai yake aunawa ba, shi ne yake faɗa wa fulogi lokacin da zai ba da wuta, saboda haka ranar da ka cire shi ka cire wutar babur ɗin baki ɗaya, dole ka gina wata sabuwa. Bayanin da ke tafe na babur mai silinda ɗaya ne, mai bawul, daga 110cc zuwa 150cc, wanda iska ke sanyaya injinsa.

Kayan da za ka tanada

Na farko kafireto daidai da girman inji. Inji 110cc yana ɗaukar PZ19 ko PZ20, 125cc yana ɗaukar PZ26, irin na Honda CG125, 150cc kuma PZ27. Ka sayo shi tare da manifol ɗinsa, wato bututun da ke haɗa shi da inji, da fakin, da wayar totur, da jet, wato ɗan noti mai rami da ke auna man da ke wucewa, biyu ko uku na canji, ɗaya sama da wanda ya zo a ciki, ɗaya ƙasa. Kafireton kamfani na hannu da aka ciro daga wani babur ya fi sabo mai arha, wanda sau da yawa lambar da aka buga a jikin jet ɗinsa ba ta dace da faɗin ramin ba. Araha ba ta ado.

Sai CDI, ɗan akwatin da ke ba fulogi wuta a kan lokaci, mai aiki da batir, wato DC, tare da soket ɗinsa, da kwayil na CDI da hular fulogi. Magneto shi ne ƙarfen nan mai maganaɗisu da ke juyawa a gefen inji. In za ka samu magneton irin injin naka na zamanin kafireto, ka saye shi ko da ya yi tsada, za ka ga dalili a mataki na 3. A Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano ana dacewa da irin waɗannan a wurin masu kayan hannu. Sannan famfon buɗe mai da rufewa, tiyon fetur na gaske, filtar mai, kilif, waya, fis mai amfiya 5, da salatif.

Kayan aiki kuwa: sifanoni, sukundireba, filaya, mita mai auna bolt da ohm, abin zare magneto mai zaren da ya dace da naka, ma'aunin tazara irin na saita bawul, tef ɗin awo na tela, magagari, injin wasa ƙarfe, abin narka dalma, da fitilar taimin, wadda ke nuna lokacin da fulogi ke ba da wuta. Fitilar ko aro ce ka yi wurin masu gyaran mota. Ka ajiye abin kashe gobara ko bokitin yashi kusa da kai.

1. Tabbatar aikin ya zama dole

Baburan injekta da yawa da ake cewa birenbos ɗinsu ya mutu, lafiyarsa lau. Auna batir tukuna. In bai kai bolt 12.4 a ajiye ba, ko yana faɗuwa ƙasa da 10 idan ka danna sitata, caja shi ko ka canza kafin ka zargi komai. Buɗe makulli ka kasa kunne: famfon mai zai yi kuka na daƙiƙa biyu zuwa uku ya yi shiru. In bai yi ba, duba fis, da rilai, da soket ɗin da ya yi tsatsa. In ya yi amma babur ba ya ja, ciro famfon ka duba rariyar da ke gindinsa. Man bumburutu mai ruwa da ƙasa yana toshe ta, kuma wanke ta ko canza ta ba ya kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da za ka kashe a juyin nan. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, babur mai tsimi ba abin da za a lalata da gangan ba ne, kuma ka sani bayan juyi zai ƙara sha.

Akwai baburan da ban ba ka shawarar taɓawa ba ko da birenbos ɗin ya mutu da gaske. Irin sikutocin Honda na baya-bayan nan, kamar PCX, waɗanda magnetonsu shi ne sitata, birenbos ne ke tayar da inji kuma shi ne ke cajin batir. Ka cire shi ka rasa duka biyun. Haka babur mai silinda biyu ko huɗu, wannan wani karatun ne daban.

Akwai kuma gajeriyar hanya ga wanda birenbos ɗinsa ke raye, famfo ko maƙogwaron injekta ne kawai ya lalace: a bar birenbos da dukan sensocinsa a haɗe ya ci gaba da ba da wuta, a ɗaura kafireto kawai. A wasu baburan yana yi, sai dai fitilar gargaɗi za ta zauna a kunne, kuma tunda ba ya jin motsin totur, lokacin wutar ba zai cika daidai ba. Gwada ta ba ya cin komai. In ta yi maka, ka tsallake mataki na 3 da na 4.

2. Cire kayan injekta

Zare soket ɗin famfo, ka tayar da babur in yana tashi, ka bar shi ya mutu da kansa, don matsin da ke cikin tiyo ya sauka. Sannan cire kan batir, ka fara da na at, wato mai alamar (-). Ɗauki hoton kowane soket da wayarka kafin ka zare shi. Sauke tanki, cire maƙogwaron injekta da manifol ɗinsa, ka cusa tsumma mai tsabta a ramin shigar mai na kan silinda.

Kada ka yanka waya ko ɗaya daga wayarin ɗin asali. Zare soket, naɗe bakinsa da salatif, ɗaure shi a jikin firam. Masu gaggawa suna datse dukan damin wayoyin da ke zuwa birenbos, daga baya su tarar wayar at ta fitila ko ta mitar mai a cikin damin take.

3. Magneto

Nan ne za ka zauna ka natsu. A gefen magneto akwai wani ɗan kwayil da ake kira falsa. Duk lokacin da tudun ƙarfen da ke bayan magneto ya gifta ta gabanta, sai ta aika 'yar wuta. Magneton babur mai kafireto tudu ɗaya gare shi dogo. Na mai injekta kuwa haƙora ne jere kewaye da shi, da giɓi a wuri guda, birenbos na ƙirga su don ya san inda fistan yake. CDI na kasuwa bai iya ƙirga ba. Kowane haƙori ya gifta zai ba da wuta, ka ga kenan fulogi zai yi ta tartsatsi a lokutan da ba su dace ba, babur ya yi ta harbi ta kafireto ba zai tashi ba.

Hanya mafi tsabta ita ce canza magneton da na irin injin na zamanin kafireto. Kafin ka biya kuɗi, gwada shi a kan karanshaf: bakin ya zauna daram, gurbin ɗan makullin ƙarfe ya yi daidai, zurfinsa ya rufe kwayil ɗin caji ba tare da gogar murfi ba, ramukan ɗaure kulocin sitata su dace. Wani lokaci sai ka haɗa da kwayil ɗin caji da murfin gefen duka. Ka yi amfani da abin zarewa. Dukan magneto da guduma yana fasa maganaɗisun ciki, yana kuma lanƙwasa karanshaf.

Hanya ta biyu ita ce CDI mai saiti da kwamfuta, irin wanda kamfanin Ignitech na ƙasar Cek ke yi, wanda ake iya koya masa karanta haƙoran yadda suke. Yana da kyau ƙwarai, amma sai an yi odarsa daga waje, kuma wanda ya gudu daga birenbos saboda rashin kayan gyara ya sake faɗawa cikin abin da ya gudar wa.

Ta uku ita ce wadda akasari ake bi, gyara magneton da ke jiki. Ga yadda ake yi.

Cire fulogi don inji ya yi sauƙin juyawa. Leƙa ta ramin duba taimin da ke jikin murfin hagu, za ka ga alamar T, wato fistan ya kai ƙololuwa, da alamar F, wato inda wuta ke tashi idan babur na silo. Ba sai ka damu da ko zagayen matsi ne ko na fitar hayaƙi ba, CDI yana ba da wuta a kowane zagaye. Taka kik a hankali ka ga inda magneto ke juyawa, ka zana kibiya a jikinsa. Yawanci in kana kallonsa ta hagu, saɓanin hannun agogo yake bi, amma ka gani da idonka.

Daidaita T da alamar jikin murfi. Yanzu kana son sanin wane wuri ne a bayan magneto yake daidai tsakiyar ƙarfen falsa. In falsa a jikin inji take, alama kawai za ka yi. In a jikin murfi take, ɗiga ɗan fenti a kan ƙarfenta, mayar da murfin, leƙa ka tabbatar T bai gusa ba, sake cirewa, za ka tarar fentin ya bar shaida. Wannan shaidar ita ce sifirinka.

Zagaya magneto da tef ɗin tela ka raba abin da ka samu gida 360. Magneto mai faɗin milimita 112 kewayensa kusan 352 ne, kenan milimita ɗaya kusan digiri ɗaya. Daga sifiri ka auna zuwa wajen da kibiya ta nuna. A digiri 12 zuwa 15 ka yi alama, nan wutsiyar tudu za ta ƙare, ita ke ba da wutar silo. A digiri 32 zuwa 35 ka yi wata, nan kan tudu zai fara, shi ne iyakar gabatar da wuta idan inji ya ɗau gudu. CG125 da 15 yake silo ya kai 35 a gudu, kuma CDI irin nasa tudu mai wajen digiri 20 yake so. Amma tsawon tudu ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, akwai mai milimita 12, akwai wanda ya haura 50. Saboda haka in CDI ɗin da ka saya na wani babur ne takamaimai, nemi magneton wannan babur ɗin ka auna tudunsa daga T, ka kwafa.

Zare magneton. Lulluɓe cikinsa da salatif ko leda, domin garin ƙarfe yana manne wa maganaɗisu, in ya shiga inji kuma ya gama da kwayil. Goge dukan haƙoran da ke wajen alamominka biyu har su yi daidai da jiki, kada ka bar ko ɗan tudu, falsa tana jin ƙanƙanin abu idan inji ya yi gudu. Tsakanin alamomin kuma a cike da walda ko a ɗora ɗan baƙin ƙarfe, tsayinsa daidai da haƙoran asali. Dole ya zama ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa. Ka tsaya a kan mai walda: ɗigo-ɗigo zai yi, yana sanyayawa da jiƙaƙƙen tsumma. Zafi mai yawa yana kashe ƙarfin maganaɗisu, yana kuma sake gam ɗin da ke riƙe da shi, sai a gama aiki a tarar babur ba ya caji. Bayan walda a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya daidaita saman, in babu ka bi da magagari kana aunawa. Bakin tudun gaba da baya su tsaya a miƙe, kada su yi gangare.

Wanke shi, mayar da ɗan makullin ƙarfe a gurbinsa, goge mai daga bakin karanshaf, ɗaure noti tamau. Tazarar falsa da tudu ta kasance tsakanin milimita 0.5 da 0.8.

4. Haɗa CDI da kwayil

Kwayil ɗin cajin babur mai injekta ba shi da sashen da ke ba CDI na AC wuta, wato irin wanda ba ya aiki da batir, shi ya sa na ce DC. Ka yi hattara a kasuwa, domin akwai AC da DC masu soket iri ɗaya mai baki shida. Na DC ya fi girma yawanci, amma ka tambayi mai kaya, ka kuma yi sharaɗin dawowa da shi.

Waya huɗu ce aikin: bolt 12 daga makulli, at, falsa, da kwayil. Kada ka dogara da launi sai ka auna. A tsarin Honda, wanda baburan Sin da yawa suka kwafa, koriya ce at, baƙa ita ce wutar makulli, baƙa mai ratsin rawaya tana zuwa kwayil, shuɗiya mai ratsin rawaya ko fari ta falsa ce. A Yamaha kuwa baƙa ita ce at, ruwan ƙasa wutar makulli, ruwan lemo ta kwayil. Wanda ya saba da Honda ya ɗauki baƙar Yamaha a matsayin wuta, ko akasin haka, yana iya ƙona CDI kafin ya ji ƙarar inji.

Wuri mafi kyau na ɗaukar bolt 12 shi ne wayar da ke kai wuta tsohon kwayil, domin ta riga ta bi ta makulli da makashin da ke kan hannu. Auna ta bayan ka zare birenbos. In babu wuta, ta bi ta wani rilai da birenbos ke kunnawa ne, sai ka ɗauko daga wata wayar da ke kawo wuta idan an buɗe makulli kawai. Sa fis. Kada ka haɗa kai tsaye da batir, babur ba zai mutu da makulli ba kuma batir zai zube cikin dare.

Falsa mai waya biyu za ta nuna ohm tsakanin 50 da 400, gwargwadon kamfani. Ɗaya ta tafi CDI, ɗaya at. Wadda za ta tafi ina tana da muhimmanci, in ka juya su lokacin wuta zai kauce, za mu gane hakan a mataki na 7. In falsarka waya uku gare ta ko fiye, wani iri ne da CDI na kasuwa ba ya ji, sai ka canza ta da mai waya biyu. Ka nisanta wayar falsa daga wayar fulogi.

Tsohon kwayil ba zai yi ba. Na injekta ohm 2 zuwa 4 yake nunawa a bakin shiga, an yi shi ne ya riƙe wutar batir ya saki. Na CDI bai kai ohm 1 ba. Ɗaure sabon a firam inda ka kankare fenti har ƙarfe ya fito, jikinsa ne at ɗinsa. Fulogin asali ka bar shi, lambarsa ta dace da kan silindar. Kowane haɗi ka narka masa dalma, murɗa waya da hannu a rufe da salatif ba ya wata uku a kan hanyoyinmu.

Gwada wuta yanzu, tun babu fetur a kusa. Sa fulogi a hula, jingina shi da jikin inji, taka kik. Shuɗin tartsatsi kake nema, sau ɗaya a kowane zagaye. Kada ka juya inji alhali fulogi na lilo bai taɓa ƙarfe ba, hakan na kashe kwayil da CDI.

5. Tanki da hanyar mai

Famfon injekta yana tura mai da matsin da ya kai 2.5 zuwa 3 a ma'aunin bar, ya fi iskar da ke cikin tayar babur ɗin. Allurar fulot ta kafireto ba za ta iya tare wannan ba, mai zai yi ta ambaliya. Kafireto so yake mai ya gangaro masa da nauyinsa.

In famfon ta ƙarƙashin tanki yake shiga, cire shi, a yanka maka faranti mai kaurin milimita 3 daidai da gindinsa, a huda a ɗaura famfon buɗewa da rufewa. Yi amfani da robar asali. Robar tub da gam ɗin fakin duk fetur na narkar da su, guntayensu kuma a cikin jet suke ƙarewa. Ma'aunin mai sau da yawa a jikin famfon yake, in kana son mitar mai ta ci gaba da aiki, cire injin famfon kaɗai ka bar sauran, ka fitar da mai ta bakin asali in yana ƙasa.

In ta sama yake shiga, kamar baburan da tankinsu ke ƙarƙashin kujera, ko a huda gindin tanki, ko a sa ƙaramin famfo mai aiki da zuƙar manifol, ko na lantarki mai ƙaramin matsi da bai wuce bar 0.3 ba. Haka ma in gindin tanki bai ɗara kafireto tsayi da ko tafin hannu ba. Game da huda da walda a tanki: tankin da aka juye mansa ya fi cikakke haɗari, tururin da ya rage ne ke fashewa. A wanke da ruwan omo sau da yawa, a cika da ruwa kafin wuta ta matso. In akwai tankin irin babur ɗin na kafireto a kasuwa, saye shi ya fi.

Sa filta a tsakani, matse kowane baki da kilif. Zuba mai lita ɗaya kacal, buɗe famfo a cikin gora ka ga yana zuba ba yankewa. In ya fara da ƙarfi ya koma ɗigo, tanki ba ya shan iska, duba hular tanki ko tiyon numfashinsa, wanda a baburan injekta yake bi ta wani gwangwanin gawayi.

6. Ɗaura kafireto

Gwada manifol a kan silinda. Ramin ciki ya yi daidai da na silinda ba tare da matakala ba, ramukan noti su dace. In ba su dace ba a yi faranti na tsakani. In manifol ɗin asali za ka bari, toshe ramin injekta da noti da washa mai roba, iska ko kaɗan kada ta shiga. Kada ka manta da ɗan faifan da ke raba kafireto da zafin inji. Kwanon kafireto ya zauna a miƙe idan babur na tsaye.

Kada ka sa babban kafireto da sunan ƙarin gudu. PZ30 a kan 125cc ba abin da zai ba ka sai shaƙewa idan ka murɗa totur, da silo marar tsayawa.

Totur ɗin injekta sau da yawa waya biyu gare shi, kafireto ɗaya yake so. Sa sabuwar wayar, ka bar wasa na milimita 2 zuwa 6 a hannu. Murɗa ka saki, ka ji silaid, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin kafireto, ya faɗo da ƙara. Juya kan babur dama da hagu har ƙarshe, in wayar na jan silaid, canza mata hanya kafin ka hau.

Haɗa bayan kafireto da akwatin filtar iska na asali, ko da sai ka nemo roba mai lanƙwasa. Ƙaramar filtar nan ta ado da ake maƙalawa a baki ba ta ƙasarmu ba ce, ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta cinye ringi. Tiyon zubar da mai na ƙarƙashin kwano ka saukar da shi nesa da salansa.

Sensar hayaƙi da ke wuyan salansa da sensar zafi da ke jikin inji ka bar su a wurinsu su zama murfi. In babur na da bututun da ke tura iska cikin salansa, toshe shi, in ba haka ba zai riƙa harbi duk lokacin da ka saki totur.

7. Tashin farko da duba taimin

Buɗe mai, jira kwano ya cika, duba ko'ina babu yoyo. Ja cok ka taka. Da ya tashi ya ɗan yi zafi, haska fitilar taimin a ramin dubawa. A silo, alamar F ta tsaya daidai da ta murfi. Ƙara totur a hankali, za ka ga alamar tana gusawa har ta tsaya wajen digiri 30 zuwa 35. Yana da kyau tun magneto na hannunka ka yi wa wannan wurin alama da farin fenti.

In a silo wuta na tashi a wajen 35, ko kik na dukan ƙafarka, juya wayoyin falsa ka sake gwadawa. In bai canza ba, CDI ɗinka irin wanda ba ya gusar da wuta ne, a kan tudu yake harbawa kullum, canza shi. In kaucewar digiri biyu ko uku ce, faɗaɗa ramukan notin falsa da magagari. Matsar da ita saɓanin juyin magneto yana gabatar da wuta, bin juyin yana jinkirta ta.

Wanda ya rasa fitila sai ya bi alamu, ko da yake ba su kai ta ba. Wutar da ta yi gaba tana sa kik ya dawo, inji ya riƙa ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan an hau tudu, kuma tana huda fistan in aka yi sakaci. Wadda ta yi baya tana sa babur nauyi, wuyan salansa ya yi zafi har ya canza launi. In kana shakka, gara ta ɗan yi baya.

Auna caji a kan batir, inji na gudu ya nuna bolt 13.5 zuwa 14.8. Sama da 15 yana kashe CDI na DC, haka ma tafiya babu batir. Sannan bi abubuwan da birenbos ke riƙe da su a da. Fitilar gargaɗi cire ƙwanta. In sitata ta daina aiki, rilai ɗinta na neman at ne ta birenbos, ba ta nata ta hanyar makunnin kuloci ko na furi. Ka tuna makashin jaki da sensar da ke kashe inji idan babur ya faɗi sun daina aiki, yanzu babur zai tafi da jaki a ƙasa.

8. Saita kafireto

Sai taimin ya zauna ake taɓa kafireto, kuma inji da zafinsa. Fara da neman yoyon iska: fesa ɗan maganin wanke kafireto a mahaɗar manifol, in ƙarar inji ta canza, gyara wannan tukuna.

Ƙaramin sukurun gauraya iri biyu ne. In yana ɓangaren filtar iska, na iska ne, kwance shi yana rage mai. In yana ɓangaren inji, na mai ne, kwance shi yana ƙara mai. Ɗaure shi a hankali har ya taɓa, kada ka matse, ka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi. Juya kwata-kwata kana jira, har ka sami inda inji ya fi sakewa, sannan ka sauke silo da babban sukuru zuwa wajen 1,400 a minti. In sai ka wuce zagaye uku, ko ƙasa da rabi, ƙaramin jet ne bai dace ba.

Ƙaramin jet ke riƙe da silo zuwa kwatan totur, allura daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, babban jet daga nan zuwa ƙarshe. A 125cc mai PZ26, ƙarami 35 zuwa 38 da babba 95 zuwa 105 wurin farawa ne mai kyau. In a tsakiyar totur babur na shaƙewa kamar mai ya yanke, sauke kilif ɗin allura gida ɗaya, allurar ta ɗaga, mai ya ƙaru. In yana gurnani da baƙin hayaƙi, ɗaga kilif ɗin. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda.

Babban jet kuwa fulogi ne zai faɗa maka. Sami miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, buɗe totur duka a giya ta sama na ɗan lokaci, kama kuloci ka kashe makulli tare, ka gangara ka tsaya. Ciro fulogi. Ruwan ƙasa mai haske shi ake so. Fari fat yana nufin mai ya yi kaɗan, ƙara jet nan take, wannan ne ke ƙona bawul. Baƙi mai toka yana nufin ya yi yawa, kuma in salansarka mai matatar hayaƙi ce a ciki, yawan mai zai toshe ta a hankali.

Injekta tana gyara kanta idan iska ta canza, kafireto ba ya yi. Babur ɗin da aka saita a Kano, mai tsayin da bai kai mita 500 ba, in ya koma zama a Jos da ke wajen mita 1,200, zai riƙa shan mai fiye da kima, sai an rage babban jet lamba ɗaya. Da sanyin hunturu kuma zai so cok da safe.

Bayan mako guda ana hawa, sake duba notin manifol, tazarar falsa, kilif ɗin tiyo da launin fulogi, ka buɗe sukurun ƙarƙashin kwano ka zubar da ruwan da ya taru. Ka riƙa rufe famfon mai idan ka ajiye babur da dare. Kayan injektar da ka cire kuma ka haɗa su a kwali guda ka adana, famfon injekta in yana raye ka zuba masa ɗan mai ka ɗaure a leda don kada ya bushe ya kafe.